Korona ta tafi, ta bar wa Inna mantuwa

Tun da Inna ta tashi daga korona a 2021 nan Garwa, ba ta koma daidai ba. Tari ya tafi, amma hanci ya daina aiki. Ko daddawa ba ta jin warinta. Rannan tuwo ya ƙone ƙurmus tana zaune bakin murhu. Ga mantuwa, ga zugi a yatsun ƙafa. Maƙwabta suka ce iska ce, a yi hayaƙi. Likita kuwa ya ce cutar kan taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wasu har ɓarin jikinsu ke shanyewa saboda gudan jini. Ya sa ta shinshinar kanumfari da lemun tsami safe da yamma. Ƙamshi ya fara dawowa, mantuwar ce dai har yanzu. Ku sa ta a addu'a.