Tambaya 27 kafin a busa usur

Alhamdulillahi, jiya na gama tattara bayanan bincikena na digiri na biyu, kan fargabar da ke kama ɗan ƙwallo kafin wasa. Na sha wuya, wallahi.

Takardar auna fargaba da na yi amfani da ita, mai suna CSAI-2, tambaya 27 ce, kuma dab da shiga fili ake cike ta. To ka je ka tare mai tsaron gida yana ɗaure igiyar takalmi, ka miƙa masa biro! Wani ya ce min, "Malam, ni ban san tsoro ba." Daga sama har ƙasa "ko kaɗan" ya zaɓa, alhali takardar sai karkarwa take a hannunsa, zufa ta jiƙa gefenta. Abokansa na tsaye a kansa.

Da na ba malamina labari, dariya ya yi. Ya tuna min Norman Triplett, masanin halayyar ɗan Adam, wanda a 1898 ya lura masu tseren keke sun fi gudu idan suna tare da abokan hamayya. Ya ce idon mutane na canza ɗan wasa, har a kan takarda. Daga ranar kowa a keɓe yake cike tasa, a bayan motar kulob.