Rajistar aji da kalandar gari

Na koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, wadda ita kaɗai ce babbar sakandare a ɓangarenmu na ƙaramar hukuma. Yara daga ƙauyuka da dama suke zuwa, wasu a keke, mafi yawa a ƙafa. A can na gane cewa harkokin gari su ke juya rajistar aji, komai kuwa abin da ma'aikatar ilimi ta tsara a takarda.

Ranar da kasuwa ke ci, ajin da ke cika maƙil har wasu na zama a taga sai ya koma rabi. Wani yana kara riƙe da igiyar awakin babansa, wata tana tallar ƙosai, kuma da ribar nan za a saya mata littafin rubutu. In ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, washegari samari duk suna gona da sungumi, ga shi ana tsakiyar jarrabawar WAEC, ta NECO na tafe. Bulala a bakin ƙofa ba ta taɓa magance wannan ba. Dabarar da ta yi mana rana ita ce mu mai da ranar kasuwa ta bita, mu kuma yi ƙoƙarin kammala manhaja kafin damina ta kankama.

Lamarin 'yan mata ne ya fi ci mini rai. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara 9, wato zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma daga nan ne sunayensu ke fara ɓacewa. Mutane kan yi saurin cewa iyaye ne ba sa son boko. Ni dai abin da na fi ji daga bakinsu shi ne nisan hanya, da ban-ɗaki marar ƙyaure, da rashin malama mace ko guda a makarantar.

Takardar gayyata ba ta kawo uba makaranta. Sai ka bi ta hannun mai unguwa ko liman, ka zauna a zaure bayan la'asar, sannan zai buɗe maka ciki: "Malam, yarinya ta girma. Wa zai raka ta wannan dajin kullum?" Tambaya ce mai nauyi, kuma haƙƙinsa ne a ba shi amsa. Da muka kai maganar gaban kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen gari mai kula da makaranta, iyaye suka yi karo-karo aka sa wa ban-ɗaki ƙyaure, aka kuma tsara 'yan matan kowane ƙauye su riƙa tahowa tare, su koma tare. Da aka dawo hutu, wasu daga cikin waɗanda muka fid da rai da su suka shigo aji huɗu.