Talata: Zuwan Gwaggo da magungunan Auta

Yau na tashi cikin farin ciki, domin sakamakon gwajin hantar Auta na wannan watan ya fito lafiya lau, likitan zuciya kuma ya ce ta ci gaba da shan bosentan, maganin hawan jinin huhunta, safe da yamma kamar yadda ta saba. Kumburin ƙafafunta ya sace tun da aka daidaita mata Lasix, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki, har da hantsi na same ta tana sharar tsakar gida ba ta tsaya tana haki ba. Na ce Alhamdu lillahi a fili, ita kuwa ta yi dariya ta ce kada in ƙwace mata tsintsiya.

Bayan azahar Gwaggo ta zo dubiya. Mun gaisa, an tambayi mutanen gida, sai idonta ya faɗa kan kwandon magunguna, ta tambaya ko duk waɗannan na mutum ɗaya ne. Da na ce mata na hawan jinin huhu ne, sai ta gyara zama ta ce, "Ke 'yar nan, ni ma ai da hawan jinin nan na haifi na ƙarshena. A ajiye ƙwayoyin nan na ɗan lokaci yarinya ta samu rabo, idan ta sauka sai ta koma musu. Dangin miji ba za su yi ta zuba ido ba."

Na san da ƙauna ta faɗa, domin ta ga yadda gori ke cin matan da haihuwa ta yi wa jinkiri, don haka na tausasa murya. Na ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ciwon nan dabam yake da naki." Na bayyana mata cewa nata ana auna shi a damtse, na Auta kuwa yana cikin jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu, waɗanda suka tsuke suka yi kauri, har ɓangaren dama na zuciya yake turawa da ƙarfin da ba a halicce shi da shi ba. Bosentan, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, yana tare wani sinadari mai suna endothelin da ke matse jijiyoyin, sildenafil kuma, miligiram 20 sau uku a rana, yana taimaka musu su saki. Babu wanda ke warkar da ciwon a cikinsu. Suna riƙe shi ne kawai, kuma wanda ya yanke su kwatsam yana iya komawa halin da ya fi na farko muni.

Abin da ya fi yi mini nauyi a baki shi ne maganar ciki. Bosentan yana lahanta halittar ɗan tayi, shi ya sa ake yi mata gwajin juna biyu kowane wata tare da na hanta, kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, har likita ya ce kada a dogara da su kaɗai. Ko da an cire maganin gaba ɗaya, cikin da kansa haɗari ne, saboda jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciyar da ta riga ta gaji kuma ita za ta ɗauki wannan ƙarin, musamman a lokacin naƙuda da kwanakin farko na jego. Gwaggo ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Likita ba Allah ba ne." Na ce gaskiya ne, amma Allah ne ya saukar da cuta ya saukar da magani. Daga nan ta sako zancen bikin gidan Kawu.

Auta ba ta ce uffan ba tun daga farko har ƙarshe. Sai bayan mun raka Gwaggo mun dawo ta ce da ni, idonta a ƙasa, "Yaya, idan na tsallake na wata biyu kacal fa?" Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni, domin ta nuna mini cewa lissafin ya daɗe a ranta, Gwaggo ta zo ta faɗe shi ne kawai. Ita ce kuma ke riƙe da kwandon, ba ni da hanyar sanin abin da ta haɗiye da abin da ta ajiye.

Da la'asar mijinta ya turo mini labarin sotatercept, allurar da aka amince da ita a Amurka a 2024, wadda ake yi duk bayan mako uku, yana tambaya ko ita za ta ba su damar haihuwa. Na amsa masa cewa ita ma an yi gargaɗin tana cutar da ɗan tayi.

Bayan isha'i na kira shi, muka daɗe muna magana. Ya yarda zai bi Auta asibiti a ranar ganin likita mai zuwa, su yi tambayar haihuwar a gaban likitan su ji amsa tare, kuma ya ce shi zai tunkari mahaifiyarsa da kansa. Gobe zan je wurin Inna in roƙe ta ta yi wa Gwaggo magana.