Jikan Sojan Bama a Ƙasar Japan

Kakan maigidana ya yi yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa dazukan Arakan suka gwabza da Japanawa har 1945. Abban yara ya tashi da labaran tsohon a kunne, shi ma ya shiga soja. Don haka da ya samu hutun mako biyu bayan ya daɗe a bakin daga a Arewa maso Gabas, ya ce Japan za mu, ban yi mamaki ba. Ni da so samu ne Umara za mu, amma na ja bakina na yi shiru.

Kuskuren farko nawa ne, domin ni na tsara tafiyar, kuma na cusa wuraren bauta har huɗu a wuni guda. Kwana biyu a Kyoto yara suka fara ƙorafi: “Umma, wannan ma irin na jiya ne.” A Fushimi Inari muka bi ta ƙarƙashin jajayen ƙofofi dubbai, ko rabin dutsen ba mu hau ba gwiwata ta ce a'a. A Nara wata barewa ta cafki gefen hijabina. Daga ranar muka koma wuri ɗaya da safe, ɗaya da yamma, aka samu zaman lafiya.

Tun a gida mun yi magana da yaran: kallo muka zo yi, ba bauta ba. Ba ruku'u, ba tafi, ba jefa kwabo a akwati. Babu wanda ya harare mu a kan haka. A bakin wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, akwai kwamin ruwa da ludayi, mutum ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya kurkure baki. Autarmu ta ɗaga murya ta ce, “Abba, alwala suke yi!” Sai da na toshe mata baki.

Yasukuni, wurin bautar Shinto a birnin Tokyo, shi ne abin da ya kawo maigidan. An kafa shi a 1869, kuma an rubuta sunayen mutum sama da miliyan biyu da dubu ɗari huɗu da suka mutu a yaƙoƙin Japan. A 1978 aka shigar da manyan shugabanni 14 da aka tuhuma da laifin yaƙi, har da Tojo, firaministan Japan a lokacin yaƙin, shi ya sa Sin da Koriya ta Kudu kan tayar da jijiyar wuya duk lokacin da wani shugaban Japan ya leƙa wurin. A gefe akwai gidan tarihin Yushukan. Da shigarka za ka tarar da jirgin saman yaƙin Japan mai suna Zero, kusa da shi kuma kan jirgin ƙasa da ya yi aiki a layin dogon Tailan zuwa Bama, layin da fursunonin yaƙi da 'yan aikin tilas dubbai suka mutu wajen shimfiɗa shi. Abban yara ya karanta bayanin da ke jiki sau biyu, ya ce, “Ba su faɗi waɗanda suka mutu ba.” Ya bi taswirorin Bama da yatsa yana neman Myohaung, garin da rundunar kakansa ta shiga a Janairun 1945. Ni dai ban ga hoton baƙar fata ko ɗaya ba.

Ina tsammanin a fusace zai fito. Amma ɗakunan ƙarshe cike suke da hotunan matattun, jere a bango, yawancinsu ba su girmi ƙanena ba, ga wasiƙun ban-kwana da suka rubuta wa iyayensu. Ya daɗe a tsaye, hannu a baya, kamar yana duba fareti. Ni abin da ya karya min zuciya 'yan tsana ne cikin kayan amare, waɗanda iyalai suka kawo wa 'ya'yansu da suka mutu ba su yi aure ba. Wadda ta taɓa kwana da waya a hannu tana jiran kira daga Borno ba ta bukatar tafinta a wannan ɗakin.

A waje babban ɗanmu ya tambaya, “Abba, to su ne mugayen ko?” Uban ya ce, “Wanda ya tura su daban, su daban. Kakana ma tura shi aka yi.” Har yau ina ganin amsar ba ta cika ba, domin an yi ta'asa a Sin da Bama kuma da hannu aka yi ta. Na faɗa masa haka da dare, ya ce gaskiyata.

A Hiroshima na yi kuskure na biyu. Ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya, kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun rasu. Na shiga gidan tarihin da yarinya 'yar shekara takwas ban fara leƙawa ba. Ƙonannun kayan makaranta da keken wani yaro suka hana ta barci dare biyu. Da na sani, da a fili na bar ta, wajen gunkin tunawa da Sadako Sasaki, yarinyar da cutar sankarar jini ta kashe a 1955 tana shekara 12, inda yara ke rataya tsuntsayen takarda.

Abinci kuwa sai da lura: romon taliyarsu sau da yawa na alade ne, kuma akan sa giyar shinkafa a miya. Yajin da na ƙunso da garin rogo sun fitar da mu kunya. Juma'a a masallacin Kobe muka yi ta, wanda aka gina a 1935, ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945 da girgizar ƙasar 1995.

Bayan mun dawo Kaduna, muna wucewa ta Kawo, yaron ya ɗaga kai ya karanta allon barikin Dalet, ya juyo ya ce, “Abba, wannan ma sunan gari ne a Bama?” Uban ya rage gudu ya fara ba shi labarin.