Yadda muka bi da i'inar ɗana

Ɗana yana shekara uku i'ina ta same shi. Da farko maimaita farkon kalma kawai yake yi: "ba-ba-ba ni ruwa". Wannan bai ɗaga mini hankali ba, don yara da yawa kan yi haka tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma galibi takan wuce da kanta. Na zabura ne da na ga jikinsa ya shiga cikin maganar. Sai ya buɗe baki sauti ya ƙi fita, ya runtse ido, leɓe na rawa, ya buga ƙafa a ƙasa kafin kalmar ta faɗo. Har ya fara gudun wasu kalmomi. Maimakon ya ce kofi, sai ya nuna da yatsa.

Shawara kam ba irin wadda ban sha ba. Hajiya ta ce, "'Yar nan, ku kai shi wurin wanzami ya duba masa ƙarƙashin harshe." Wata maƙwabciya ta ce cakulkuli aka yi masa yana jariri. Ƙwararriyar da aka tura mu wurinta a asibiti ta ce harshensa lafiya lau. Tambayarta ta farko ita ce ko akwai mai i'ina a dangi. Akwai, ƙanen babansa. Ta ce abin yakan bi jini, ya fi kama maza, kuma idan ya haura wata shida ba ya raguwa, bai kamata a zauna jira ba.

Aikin kuma mu manya ta ɗora wa. Ba a ce masa "nutsu mana" ko "sake faɗa", ba a ƙarasa masa zance. In ya maƙale, sai in ajiye ludayi, in dube shi, in jira. Jiran nan da wuya, wallahi, musamman in tukunya na kan wuta. Ni ce na rage saurin bakina, yayyensa kuma aka kafa musu doka: wanda ya kwaikwaye shi zai gamu da babansu.

A Islamiyya na lura in ana karatu baki ɗaya ba ya i'ina ko kaɗan, sai an tsayar da shi shi kaɗai. Na roƙi malaminsu ya riƙa haɗa shi da wani yaro su biya tare, ya kuwa yarda. Yanzu i'inar takan dawo ne in ya gaji ko yana ɗokin ba da labari, amma runtse idon da buga ƙafar sun tafi.