Rapa Nui: Tsibirin da gumakansa suka juya wa teku baya

Daga Santiyago, babban birnin Chile, jirgin sama yakan shafe kimanin awa biyar a kan tekun Fasifik kafin a hango Rapa Nui. Tazarar ta kai kilomita 3,700. Turawa suna kiran wurin tsibirin Ista, domin ranar Lahadin Ista ta 1722 ce wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Jacob Roggeveen, ya yi kiciɓis da shi. Duk faɗinsa murabba'in kilomita 164 ne, gari kuwa ɗaya ne tilo, Hanga Roa, kuma a ƙidayar 2017 mutanensa ba su cika dubu takwas ba. Daga filin jirgin Mataveri da ƙafa ma ana iya shiga gari. Dawaki sai yawo suke a kan titi babu linzami babu makiyayi, mai mota shi ke ba su hanya.

Ba a shiga wuraren tarihin sai da tikiti da ɗan jagora. Tawa jagorar dattijuwa ce 'yar asalin tsibirin, tana da tsohuwar mota da murya mai kaifi. Tun kafin mu tashi ta kafa mini doka: kada in taɓa gunki, kada in taka dandamalin da yake kai. Dandamalin nan, wanda suke kira ahu, makabarta ce, akwai ƙasusuwan kakanninsu a ciki.

Da asuba muka isa Ahu Tongariki. Gumaka goma sha biyar ne a jere, baƙaƙe ƙirin saboda rana na fitowa ta bayansu, ga iska mai sanyi tana shiga har ƙashi. Duk hoton da na taɓa gani bai gaya mini abu ɗaya ba: ba teku suke kallo ba. Sun ba shi baya, sun zuba wa filin da a da ƙauye ne ido. Mutanen sun sassaƙa gumakan ne, waɗanda suke kira moai, a madadin manyansu da suka rasu, don su ci gaba da sa wa zuri'a ido. Tsayuwar da suke yi yau ma sabuwa ce. Tun a ƙarni na 19 babu gunki ko ɗaya da ya rage a tsaye a kan dandamalinsa, sannan a 1960 igiyar ruwan da babbar girgizar ƙasar Chile ta taso ta kwashe waɗannan ta watsar cikin fili. Sai a shekarun 1990 aka sake ɗaga su da taimakon wani kamfanin Japan.

Inda na fi daɗewa shi ne Rano Raraku, tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, wanda daga jikinsa aka sassaƙo kusan duk gumakan tsibirin. Kimanin ɗari huɗu suna nan har yanzu, cikin kusan dubu da ke tsibirin baki ɗaya. Kana tafiya a 'yar siririyar hanya, sai ka ga kai ya ɓullo daga ciyawa, dogon hanci, leɓe a tsuke kamar an ɓata masa rai, dogayen kunnuwa. Wani ya karkace, wani ya kifa fuska. Ashe ba kawuna ba ne kawai, gangar jiki na binne a ƙasa, zaizayar shekaru ce ta rufe ta. Da na matsa kusa da bangon dutsen sai na ga wani a kwance rigingine, an gama fuska da ƙirji da siraran yatsun da suka haɗu a ƙasan cibiya, amma bayansa bai rabu da uwar dutsen ba. Sawun gatarin dutse na nan a gefensa, ɗaya bayan ɗaya, domin ba su da ƙarfe ko kaɗan. Mafi girmansu, wanda ba a taɓa cirewa ba, tsawonsa mita 21 ne. Ni dai na ce a raina, wanda ya fara wannan aiki ko shi bai yi zaton zai ɗagu ba.

Na tambayi jagorata yadda aka kai dutse mai nauyin tan goma sha biyu ko fiye nisan kilomita da yawa, babu keke babu dabbar ja. Ta ce da ƙafarsu suka tafi, haka kakarta ta faɗa mata. Na yi murmushi, ita ba ta yi ba. A 2011 wasu masana biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, sun gwada da kwaikwayon gunki mai kusan tan biyar: mutum goma sha takwas da igiya uku, ana ja dama ana ja hagu, gunkin na rangaji yana gaba a tsaye, kamar yadda ake gusar da randa cike da ruwa. A gefen tsoffin hanyoyin kuwa ga waɗanda suka faɗi a tafiya, an bar su nan.

Labarin da na zo da shi a kai shi ne wanda kowa ke ji: wai mutanen sun haukace da gumaka, suka sare itatuwansu kaf, yunwa ta shigo, suka karkashe juna. Gaskiya ne dajin ya ƙare, tsibirin yau tsirara yake, kuma ɓerayen da suka biyo kwale-kwalen farko sun taimaka da cinye ƙwallon wata bishiyar wurin mai dangantaka da kwakwa. Amma kangayen da masu yawo ke wucewa ba su waiwaya ba sun fi gumakan ba ni labari. Ga manavai, zagayen katangar dutse da ake shuka a ciki don iska kada ta kashe tsiro. Ga akurkin kaji na dutse mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da dare. Ga gonakin da aka shimfiɗe da tsakuwa don riƙe damshi, inda dankali ke yi. Wannan aikin masu dabara ne da suka san ƙasarsu, ba na mahaukata ba. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2024 ma bai ga alamar rushewar jama'a kafin zuwan Turawa ba.

Masifar ta jirgin ruwa ta zo. A 1862 da 1863 masu farautar bayi daga Peru suka kwashe mutum wajen 1,500. 'Yan tsirarun da aka dawo da su suka shigo da agana. A 1877 mutum 111 suka rage a tsibirin. Cikin waɗanda suka salwanta har da masu karanta rongorongo, rubutunsu na kan allon katako, wanda har gobe babu mai iya karanta shi. Chile ta haɗe tsibirin a 1888, daga baya aka ba wani kamfani haya ya mai da shi makiyayar tumaki har 1953, aka killace masu ƙasa a Hanga Roa. Jagorata ta ce mahaifinta sai da izini yake fita bayan gari. Ba su zama cikakkun 'yan ƙasa ba sai 1966. Tun 2017 ne kula da wuraren tarihin ya dawo hannunsu, shi ya sa na daina ganin tsananin dokarta.

A bakin tekun Anakena na yi wanka, farin yashi da kwakwa, na ci soyayyen burodi mai kifin tuna a ciki. Ya yi daɗi, ya kuma yi tsada, kamar komai a nan, tunda kusan komai jirgi ke kawo shi.

Tsohon ƙauyen Orongo yana bakin ramin dutsen Rano Kau, gefe guda tafki mai ciyayi, ɗaya gefen gangare mai tsawon kusan mita 300 zuwa teku. Gidaje ne sama da hamsin na falalen dutse, ƙofarsu sai da rarrafe. A da, daga nan samari ke sauka kowace shekara, su yi iyo zuwa ɗan tsibirin Motu Nui, su jira ƙwan farko na wani tsuntsun teku. Wanda ya dawo da shi bai fashe ba, ubangidansa ke riƙe girma na shekara. Na leƙa gangaren sau ɗaya, ƙafata ta ce a'a.

Jagorata ta nuna mini gidan da wani gunki mai zane a baya, Hoa Hakananai'a, ya taɓa zama. A 1868 ma'aikatan jirgin yaƙin Ingila suka fasa gidan suka ja shi zuwa gaɓa. Yana gidan tarihin Burtaniya a Landan, rufi ɗaya da tagullan Benin. A 2018 tawagar tsibirin ta je har can ta roƙi a dawo da shi, har yau yana Landan.