Wasiƙa daga Augusta: maganar James Brown da kuka dame ni da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali, ya zafin nan naku, Allah ya sa kowa lafiya. Na yi alkawarin ba ku labarin aiki da abinci da yadda muke azumi a nan jihar Jojiya, zan zo kai in sha Allahu, amma tun ran da na sa hotona a Facebook ina tsaye jikin mutum-mutumin mawaƙi James Brown ban huta ba, Kawu kaɗai ya kira ni sau uku yana cewa wai da gaske a garin mutumin nan kake zaune? Da gaske ne Kawu.

Ba a nan aka haife shi ba, a Barnwell ne cikin Karolaina ta Kudu, ran 3 ga Mayu 1933, amma a nan Augusta ya tashi a hannun gwaggonsa cikin talauci na fitar hankali, yana goge takalma a bakin titi. Yana ɗan shekara 16 aka ɗaure shi kan fasa motocin mutane, a gidan yarin yara na Toccoa ya haɗu da mawaƙi Bobby Byrd wanda danginsa suka tsaya masa ya fito a 1952, daga nan waƙa ta soma. Mutum-mutumin yana kan titin Broad tun 2005, na tagulla ne, da makirfo da alkyabbar nan tasa, kuma daidai tsayinsa aka yi shi, ni ma na ɗan fi shi tsawo. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta ce min ita da kanta ta taɓa bin layin karɓar talo-talon da yake raba wa talakawa duk shekara lokacin bikin godiya da Amurkawa ke yi a Nuwamba, tana faɗa idonta na cikowa, ta ce mutumin bai manta yunwa ba.

Kun tambayi mene ne fank, wato salon kiɗan da ya shahara da shi. Kiɗa ne da ake sauke nauyinsa gaba ɗaya a kan bugun farko, sai kowane kayan kiɗa, jita ne ko ƙaho, ya koma kamar ganga, shi kuma yana jefa magana guntu-guntu ana amsa masa. Duk wanda ya tashi yana jin makaɗanmu da 'yan amshinsu ba zai ji shi baƙo ba. Har sanƙira gare shi, Danny Ray, wanda ke yi masa kirari kafin ya fito, in ya durƙusa a dandali kamar ƙarfinsa ya ƙare ya zo ya yafa masa alkyabba, shi kuma ya yar da ita ya dawo kan makirfo. A 1962 da mai kamfanin faifansa ya ƙi, da kuɗin aljihunsa ya naɗi wasansa na zauren Apollo a unguwar Harlem ta birnin New York, faifan ya yi kasuwar da ba wanda ya zata. Ran 5 ga Afrilu 1968, washegarin kashe Martin Luther King, garuruwan Amurka na ci da wuta, ya yi wasa a Boston aka haska kai tsaye a talabijin don mutane su zauna gida. A 1970 ya je Legas, yaransa irin su Bootsy Collins suka je suka kalli Fela a kulob ɗinsa suka dawo suna mamaki, kun ga Kawu ba banza faifansa suka cika gidajenku ba.

Ba zan ɓoye muku ba, mutum ne mai wuyar sha'ani. Yana cin makaɗansa tara in sun kuskure kiɗa ko takalminsu ba ƙyalli, har a 1970 akasarinsu suka watse suka bar shi kan maganar kuɗi. Ya sha ƙwaya, an ɗaure shi bayan 'yan sanda sun bi shi a mota a 1988 sai 1991 ya fito, kuma an sha kama shi kan dukan matansa, wannan kam ba abin da zai wanke shi.

To yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai, wanda saboda shi na zauna rubutun nan. Ya rasu ran 25 ga Disamba 2006 a Atlanta. Mu da muka saba a yi wa mutum sutura kafin rana ta faɗi, ku ji nan: an kai gawarsa Harlem aka zaga da ita a keken doki jama'a suka yi bankwana, aka dawo da ita nan Augusta aka yi taro har Michael Jackson ya zo, amma ba a binne shi ba sai cikin Maris 2007, sama da wata biyu, saboda ana jayayya kan inda za a sa shi. A ƙarshe gidan 'yarsa aka kai shi a Beech Island, nan tsallaken kogin Savannah.

Wasiyyar da ya rubuta a 2000 ta ce mafi yawan dukiyarsa a yi asusu a biya wa 'ya'yan talakawan Jojiya da Karolaina ta Kudu kuɗin karatu, shi da bai wuce aji bakwai ba. Sai shari'a ta ɓarke, 'ya'ya na ƙara, amintattun dukiya na ƙara, matar ƙarshe na cewa ita ma tana da haƙƙi, lauyoyi na ta cin kuɗi. A 2009 aka yi sulhu, a 2013 kotun ƙolin Karolaina ta Kudu ta rushe shi, a 2020 ta ce auren matar ma bai inganta ba don ba a warware aurenta na baya ba kafin a ɗaura, sai a 2021 aka daidaita, a ƙarshen shekarar kamfanin Primary Wave ya sayi kadarorin kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 90. Shekara goma sha biyar fa! Yaron da ke aji ɗaya ran da ya mutu ya gama sakandare bai ga ko sisi ba. Wallahi duk ran da na bi ta gaban mutum-mutumin nan yaran nake tunawa, raina ya ɓaci.

Mu Allah ya riga ya raba mana gado, wasiyya ba ta wuce sulusi, wannan rahama ce babba, amma ku duba mawaƙanmu, kaset nawa na Shata ke yawo a kasuwa da wayoyi, wa ke riƙe da takardar mallakarsu? Ƙannena da ke shiga situdiyo a Kano kuna sayar da waƙa da baki kawai, ba laifi ba ne ka ce a rubuta, a sa hannu, a kawo shaidu biyu, har makaɗin da ya buga maka a sa sunansa. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, an yanki kiɗansa an sa a waƙoƙin hip-hop ba adadi, sunansa ba ya kan takardar marubuta, bai samu wani abin kirki ba har ya rasu a 2017.

Sanyi a nan da sauƙi, ba kamar arewacinsu ba, zafin ne mai gumi kamar na Lakwaja. Abinci da azumi sai wasiƙa ta gaba. Kawu don Allah faifan nan da ke cikin akwatin ƙarfe kar a bar yara su yi wasa da su, a jera su a tsaye nesa da rana, in na zo da babbar sallah zan taho da allurar garmaho.